BABI NA HUƊU: KWARJINI DA MA'AUNINSA A CIKIN RAULUL JINANI DA TAHZIRUL IKHWANI

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tarken littattafai biyu da suka yi magana a kan mutum ɗaya, wato Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817). Na farko shi ne Raulul Jinani, wanda Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya wallafa don tattara karamomin Shehu. Na biyu kuwa shi ne Tahzirul Ikhwani, wanda Shehu ya rubuta da kansa a shekarar 1814 don ya kore zancen da ake yaɗawa cewa shi ne Mahadi. Manufar ita ce a gano inda kowane littafi ya ajiye tushen kwarjinin Shehu, da kuma abin da kan biyo baya idan mai karatu ya riƙi ɗaya ya bar ɗaya. Daga nan sai a auna abin da aka gano da rikicin Maitatsine da ya auku a Kano a shekarar 1980.

4.1 Ma'anar Kwarjini

A wurin Bahaushe, kwarjini baiwa ce da Allah kan yi wa mutum, ta yadda in ya shigo wuri sai a yi tsit, in ya yi magana a kasa musa masa, wani lokaci ma a kasa haɗa ido da shi. Ya bambanta da farin jini, domin shi farin jini so kawai yake jawowa. Ya kuma bambanta da tsoro, domin mai kwarjini ba ya bukatar sanda kafin a bi shi. Da Larabci ana kiran wannan siffa haiba.

Masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa ikon shugabanci gida uku: na gado, da na doka, da na kwarjini. A ganinsa, ikon kwarjini yana tsayawa ne a kan yardar mabiya cewa shugabansu yana da wata baiwa da sauran mutane ba su da ita, ko da gaske yana da ita ko babu. Wannan ra'ayi yana da amfani wajen fahimtar yadda taro ke haɗuwa a bayan mutum. Sai dai yana da giɓi babba, domin ya zuba mai gyara da mai ɓarna cikin ƙwarya ɗaya.

Malaman Musulunci kuwa sun daɗe da rarrabewa. Abin da ya saɓa wa al'ada in ya bayyana a hannun annabi, sunansa mu'ujiza. In a hannun salihin bawa ne, karama. In kuwa a hannun fasiƙi ne, to istidraji ne, wato talala. Ke nan abin mamakin shi kaɗai bai isa hujja ba, sai an dubi halin mai shi. Har sufayen farko, irin su Abu Yazid al-Bisɗami, sun yi gargaɗin cewa ko an ga mutum yana tashi sama kada a ruɗu da shi sai an ga yadda yake tsayawa a kan umarni da hani. Haka kuma Sayyidina Abubakar, a ranar da aka yi masa mubaya'a, ya ɗaura biyayyar jama'a gare shi a kan tasa biyayyar ga Allah da Manzonsa (S.A.W.). Da wannan ma'auni za a dubi littattafan biyu.

4.2 Raulul Jinani

Giɗaɗo ɗan Laima ba baƙo ba ne a gidan Shehu. Shi ne mijin Nana Asma'u, kuma shi ne wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Littafinsa ya bi tafarkin da ake kira manaƙib, wato ambaton darajojin waliyyai, irin wanda aka saba yi wa Shehu Abdulƙadir Jilani. Zubin nasa gajerun labarai ne da ke bin juna, kowanne yana ƙarewa da bayyanar fifikon Shehu. Bugu da ƙari, marubucin ya jera sunayen iyalan Shehu da almajiransa da mataimakansa, abin da ya sa masana tarihi ba su iya wuce littafin.

Idan aka lura, labaran da ake bayarwa game da Shehu iri biyu ne. Misalin iri na farko shi ne labarin Sarkin Gobir Yunfa, wanda aka ce ya ɗana wa Shehu bindiga a fadarsa, wuta ta komo ta ƙone shi. Misalin iri na biyu kuwa shi ne taron Magami, wajen shekarar 1788, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ranar idi ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar tasa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Labarin Yunfa yana sa mai sauraro ya riƙe baki don mamaki, amma ba ya iya koyi da shi, ba ya kuma iya bincikarsa. Labarin Magami kuwa yana nuna daga ina kwarjinin ya fito, wato daga malamin da ya tsare mutuncinsa daga abin hannun sarki, ya kashe alfarmarsa a kan bukatar talaka. Wannan abu ne da kowane almajiri zai iya ɗauka ya auna malaminsa da shi. Raunin salon manaƙib shi ne yakan shimfiɗa waɗannan labarai biyu a tabarma ɗaya ba tare da ya nuna wanne ne tushe wanne ne reshe ba. Da yake kuma zuciyar ɗan'adam ta fi karkata ga abin mamaki, sai labarin bindiga ya fi labarin haraji yawo a bakin jama'a.

Wannan ba zargi ne ga niyyar Waziri ba, kuma ba musun karama ba ne, domin Ahlus Sunna sun tabbatar da ita. Abin da ake nunawa shi ne, wanda ya san Shehu ta hanyar karamomi kaɗai ya tashi da ma'aunin da maƙaryaci ma zai iya cikawa, tun da yake da'awar karama ba ta da tsada.

4.3 Tahzirul Ikhwani

A lokacin da Shehu ya rubuta wannan littafi, kwarjininsa ya kai ƙololuwa. An yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, masu tuta kamar Umarun Dallaji na Katsina sun kafu a ƙasashensu. Jama'a da yawa suna jiran bayyanar Mahadi, da yawa kuma sun riga sun yanke cewa Shehu ne. Da ya yi shiru kawai, da zancen ya zauna.

Sai ya ɗauki alƙalami ya kore wa kansa wannan matsayi. Abin lura a nan shi ne hanyar da ya bi. Bai ce a yarda da shi don shi ne Shehu ba. Ya kawo siffofin Mahadi kamar yadda malamai suka ruwaito, daga ciki har da nasabarsa da wurin haihuwarsa, sa'an nan ya gwada su da kansa, ya nuna shi haifaffen Maratta ne a ƙasar Sudan, don haka siffofin ba su hau kansa ba. Ta fuskar salo, littafin ba shi da armashin Raulul Jinani. Jerin nassoshi ne da maganganun magabata, mai neman labari zai gaji da shi. Amma a cikin wannan bushewar ƙarfinsa yake, domin ya miƙa wa mai karatu mudun da zai auna duk mai da'awa, har da marubucin kansa.

Ba za a ce Shehu ya nisanci harkar baɗini ba. A cikin Lamma Balagtu ya ba da labarin abin da aka nuna masa yana ɗan shekara 40, inda Shehu Abdulƙadir ya ɗaura masa takobin gaskiya. Sai dai bai mai da wannan ya zama hujjar hukunci ba. A wajen hukunci littafi yake komawa, kamar yadda ake gani tun daga Ihya'us Sunna, wanda ya rubuta tun kafin jihadi.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ita ce yadda aka iya saɓa masa yana raye. Ƙanensa Abdullahi ya bar rundunar jihadi a 1807 saboda ganin son duniya ya shiga cikin jama'a, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Daga baya ya saɓa wa Shehu a rubuce a kan wasu mas'aloli, kamar kaɗe-kaɗe da laƙabin sarauta. Shehu ya mai da martani a cikin Najmul Ikhwani, kuma a cikin littafin nan ne ya umarci almajirai su karanta littattafan Abdullahi da na Bello tare da nasa. Haka shi ma Bello ya kawo wasiƙun Shehun Barno Muhammadu al-Kanemi masu sukar jihadin a cikin Infaƙul Maisuri.

Duk da haka, tilas a faɗi cewa ma'aunin bai yi aiki a ko'ina ba. Malaman 'Yandoto, tsohon garin ilmi da ke cikin ƙasar Katsina a wancan zamani, sun ƙi amsa kiran Shehu, aka kuma ci garin da yaƙi wajen 1806. Ko da wa ke da gaskiya a wannan saɓani, ya nuna cewa idan kwarjini ya haɗu da takobi, gurbin muhawara yakan ƙuntata, ko da kuwa shugaban na kirki ne.

4.4 Kwarjini Ba Tare da Ma'auni Ba: Maitatsine

Muhammadu Marwa ya fito ne daga arewacin Kamaru, ya zauna a Kano yana wa'azi. An kore shi a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya sake dawowa daga baya ya kafa zangonsa a unguwar 'Yan Awaki. An laƙaba masa Maitatsine saboda yawan tsinuwar da yake yi wa masu ɗaura agogo da masu sauraron rediyo da masu hawan keke. Mafi yawan mabiyansa gardawa ne da 'yan ci-rani, waɗanda arzikin man fetur na shekarun 1970 ya wuce ta gabansu bai taɓa su ba.

Ba a musun cewa mutumin yana da kwarjini a ma'anar Weber, domin dubban mutane sun ba da ransu a kan maganarsa. Yana kuma da wani abu da ya yi kama da zuhudu, tun da yana sukar dukiya da masu ita. Inda ya rabu da tafarkin Shehu shi ne ya kawar da mudun. Ya yi watsi da hadisi da littattafan malamai, ya bar mabiyansa da Alƙur'ani bisa fassararsa shi kaɗai. Almajirin da aka raba da fiƙihu da hadisi ba shi da abin da zai ɗaga ya ce wa malaminsa ya yi kuskure. Abin da ya rage masa shi ne labarin laya da asirin da ake cewa harsashi ba ya huda mai shi. Shehu, da aka miƙa masa matsayin Mahadi, ya ture. Shi kuwa Marwa, an ruwaito cewa a ƙarshen rayuwarsa har matsayin annabci ya kai ga da'awa.

A watan Nuwamba na 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takardar ya tashi daga inda ya mamaye. Ranar 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke a filin Shahuci, ya ɗauki fiye da kwana 10, har sai da gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta tura soja. Marwa ya mutu a cikin rikicin. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Anthony Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka rasa rayukansu. Mutuwarsa ba ta kashe wutar ba, domin ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Abin da Shehu ya bari littattafai ne da ake karantawa har yau a zaurukan malamai. Marwa kuwa bai bar wa mabiyansa kome ba sai fushi da sunansa.

4.5 Naɗewa

A taƙaice, an ga cewa Raulul Jinani ya adana ƙaunar da jama'a ke yi wa Shehu da kuma bayanai masu daraja ga tarihi, amma salonsa ya bar mai karatu da mamaki fiye da ma'auni. Tahzirul Ikhwani kuwa, duk da ƙarancin armashinsa, ya nuna yadda mai kwarjini na gaskiya ke ɗaure kansa da igiyar ilmi, ya kuma miƙa wa mabiya bakin igiyar. Saboda haka ya kamata a riƙa karanta na farko a ƙarƙashin hasken na biyu.

Wannan batu bai tsaya ga birane ba. Daga ƙauyukan yammacin Katsina, irin su Darini da sauran garuruwan Batsari da Safana, iyaye kan damƙa 'ya'yansu ga malami don neman karatu, matasa kuma kan tafi ci-rani bayan kaka. Hausawa sun ce ba a sayen biri a sama, kuma ba duk abin da ke ƙyalli ne zinariya ba. Tambayar da ta kamaci uba kafin ya miƙa ɗansa, da saurayi kafin ya zauna gaban mai wa'azi, ita ce: a wurin wa wannan malami ya yi karatu, wane littafi yake buɗewa, me yake yi da abin hannun mutane, kuma yaya fuskarsa take idan aka ce masa ya yi kuskure? A babi na gaba za a dubi yadda waƙoƙin wa'azi na Hausa suka ɗauki wannan batu.