Yatsa Ma Yana da Karin Sauti

Ƴan uwa ɗalibai, ina da ƙorafi kan yadda wasunmu ke kaɗa yukulele, ƴar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ta samo asali a Hawai bayan zuwan mutanen Fotugal a 1879. Sai ka ga saurayi ya ɗora mata waƙar Hausa, shina share tsirkiyoyin duka da farce kamar mai korar ƙuda. Ai Hausa harshe ne mai karin sauti: "kuka" na hawaye sama-sama ne, "kuka" ta miya sama-ƙasa. In kiɗa bai bi wannan ba, ya danne magana.

Masu gurmi na wajenmu, Korgom da Tasawa, sun san haka. Ɗaiɗai suke taɓa tsirkiyarsu biyu. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, guda tak gare shi a kuntigi, amma kowa na jin abin da take faɗi.

Shawarata: babban yatsa ya riƙe biyun sama, manuni da na tsakiya su raba na ƙasa. A kula dai, ta can sama siririyar murya gare ta. Amo mai kauri na ga mai bi mata. Wanda bai san haka ba, miya zai nufa, ya sa mu hawaye.