Inda Deedat ya yi jifa, da inda tsuntsun yake

Da wuya ka sami gidan Bahaushe a Jidda, daga Karantina har Sabil, da ba a san sunan Shaihu Ahmad Deedat ba. A da a kaset ake kallonsa, yanzu kuwa guntayen muƙabalarsa ne ke yawo a WhatsApp. Mutumin ya cancanci yabo. Ya san ayoyin Baibul kamar tafin hannunsa, ya cire wa matasan Musulmi tsoron tsayawa gaban mishan, har aka ba shi kyautar Sarki Faisal a 1986. Allah ya jiƙansa. Amma yabo ba ya hana gyara, kuma akwai ɗan littafinsa guda, The God That Never Was, da nake ganin yana aika yaranmu fage da makamin da ba zai yi musu aiki ba.

Tsarin littafin mai sauƙi ne. Ya bi Linjila ya tsinto duk inda Annabi Isa (AS) ya nuna ɗabi'ar ɗan Adam: an haife shi, ya ji yunwa, ya ji ƙishi, ya gaji, ya yi barci, ya yi kuka. Kowanne sai ya ɗora masa kanun gatse, wato ka ji wai Allah ne ke jin yunwa. Mu da muka tashi da Ƙulhuwallahu, wannan ya ishe mu hujja, Suratul Ma'ida ma ta ambaci cewa shi da mahaifiyarsa suna cin abinci.

To amma Kiristan da Bahaushen Jidda ke haɗuwa da shi a asibiti ko a kanti, galibi ɗan Filifin ne, ɗan Katolika. Ka karanta masa jerin nan kaf, zai gyaɗa kai ya ce ai abin da aka koya musu ke nan. Cocinsu ba ya ɓoye yunwar Isa, a kanta ma ya kafa koyarwarsa. Tun ƙarnonin farko suka yi watsi da masu cewa jikinsa kamanni ne kawai. A taron Kalsidon na shekarar 451 suka tsayar da cewa shi ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, cikakken Allah kuma cikakken mutum, ba a cakuɗa ba, ba a raba ba. A 1965 taron Batikan na biyu ya sake nanata cewa da hannun mutum ya yi aiki, da zuciyar mutum ya yi ƙauna, ya zama kamar kowa a komai in ban da zunubi. Ita ma'aikaciyar jinyar nan da ta bar 'ya'yanta a Manila, a ƙasar da babu coci ko ɗaya, abin da ke sanyaya mata rai shi ne imanin cewa wanda take bauta wa ya san gajiya da kewa. Abin da Deedat ya ɗauka bulala, a wurinta bargo ne.

A nan littafin ya gaza. Ya ƙare ƙarfinsa wajen tabbatar da abin da ba a musa ba, ya bar ainihin wurin saɓani. Mu da su duk mun yarda Isa mutum ne. Tambayar ita ce, shin Mahalicci yana shiga cikin halittarsa ya zama ɗaya daga cikinta? Su sun ce ya yi hakan don ƙauna. Mu mun ce tsarki ya tabbata gare shi, bai haifa ba, ba a haife shi ba, babu tamkarsa. Wannan rata ce mai faɗi, ba kuma gatse ke auna ta ba. Yaron da jerin yunwa da barci kawai ya haddace, ranar da aka ce masa “mun sani”, sai bakinsa ya mutu, wataƙila har shakka ta shige shi.

Abin koyi yana nan kusa da mu. Daga Shu'aiba, kudu da Jidda, sahabbai suka hau jirgi zuwa Habasha. Da aka tambayi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib game da Isa a gaban Najjashi, bai rage komai daga aƙidarsa ba, bai kuma yi wa kowa dariya ba. Ya ce bawan Allah ne, manzonsa, ruhinsa da kalmarsa.

Ban ce a jefar da littafin ba, jama'a. A karanta, amma a gaya wa yara cewa rabin zancen ne. Waɗanda muke aiki tare da su baƙi ne kamar mu, neman abinci ya kawo su, kuma ba su da bakin ramawa a nan. A gida ma, a Wusasa da Malumfashi, akwai Hausawa Kiristoci da ke jin yadda muke magana a kansu. In za ka ƙi maganar mutum, fara faɗinta yadda shi da kansa zai ce “haka ne”.