Facin Gem: Tsakanin Aikin Hannu da Manhajar Tsari

Duk wanda ya zauna a rumfar cajin waya a Ƙauran Namoda da yamma zai ga matasa sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna buga ƙwallon PES. Kamfanin Konami ya daina fitar da wannan gem a kan na'urorin PSP da PlayStation 2 tun daga PES 2014, amma a fuskar wayar za ka ga Victor Osimhen sanye da rigar Galatasaray, ƙungiyar da bai je ba sai 2024. Ba kamfanin ne ya sa shi ba. Wasu masu sha'awa ne suka buɗe cikin gem ɗin suka sauya sunaye da riguna da fuskoki, har da muryar mai sharhi. Faci ke nan, kamar yadda mai faci ke liƙa sabuwar roba a tsohuwar taya ta ci gaba da tafiya.

Al'adar ta samo asali ne daga giɓin da PES ya bari. Saboda rashin lasisi, Manchester City ta daɗe tana fitowa da sunan Man Blue, Chelsea kuma London FC, sai magoya baya suka riƙa gyarawa da kansu. A Brazil, Bomba Patch da aka fara a 2007 ya raya PlayStation 2 shekaru bayan an daina yayinsa. Mu kuma ƙofarmu ita ce PPSSPP, manhajar da Henrik Rydgård ya fitar a 2012, wadda ke sa wayar Android ta ɗauki gem ɗin PSP.

Hanyar da aka sani daga Ƙaura zuwa Zurmi ita ce ta hannu. Facin yakan zo kashi uku: gem ɗin kansa, da SAVEDATA mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da sauyin ƙungiya, da TEXTURES mai ɗauke da riguna da filaye. Za ka warware su da manhajar ZArchiver, ka kai kowanne mazauninsa a cikin foldar PSP. Na ga yaro ya kwashe kusan awa ɗaya yana fama, 'yan wasa na fitowa da tsofaffin riguna, ashe folda ce ta shige cikin wata folda mai suna irin nata. Da wani babba ya ciro ta mataki ɗaya, nan take komai ya daidaita. Wannan yaron ya koyi abin da ba zai manta ba: na'ura ba ta gane nufinka, inda ka ajiye abu kawai take dubawa.

A ɗaya gefen akwai manhajojin da aka ƙera don tsara faci a kwamfuta, irin su Vortex na shafin Nexus Mods da Mod Organizer 2. Sun bunƙasa ne saboda gem irin Skyrim na 2011, inda mutum ɗaya kan ɗora faci ɗari ko fiye. Idan faci biyu suka taɓa fayil ɗaya, na ƙarshe ne ke danne na farko, don haka jerin wanda ya riga wani shi ne komai. Mod Organizer 2 ba ya taɓa ainihin foldar gem ɗin. Yana ajiye kowane faci a ɗakinsa, sai lokacin kunnawa ya nuna wa gem ɗin su a haɗe. In wani ya kawo matsala, ka cire masa alama, shi ke nan.

To me ya sa irin wannan bai samu gindin zama a nan ba? Waɗannan manhajoji na Windows ne, mu kuwa waya muka fi riƙewa. Sannan sun ginu a kan intanet mai ɗorewa. Wanda ya ga yadda aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021 ya san darajar fayil ɗin da ke cikin memori, wanda manhajar Xender za ta tura ba tare da sabis ba. Saboda haka mai tsara faci a wurinmu mutum ne: mai turi a tasha, ko ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ko mai rumfa a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Shi ya san facin da waya mai ƙaramin ƙarfi za ta iya ɗauka.

Raunin aikin hannu shi ne ba ya barin tarihi. Ka ɗora sabon SAVEDATA a kan tsoho, kofunan da ka sha wahalar ci sun tafi. Bayan faci na biyar, ba ka san wanne ne ke sa gem ɗin tsayawa ba, sai dai a goge komai a sake. Ga haɗarin fayilolin da ake cusa wa cuta mai satar bayanan waya. Raunin manhajar tsari kuma shi ne takan bar mutum cikin duhu: yana danna maɓalli, ranar da abu ya lalace bai san inda zai duba ba.

A ganina, hannu ne makaranta, kuma bai kamata a raina shi ba. Yaron da ya iya bin sawun folda, ya gane dalilin da faci ya danne faci, ya riga ya taka matakin farko na ilimin kwamfuta. Abin da ya rage ya ara daga manhajar shi ne ɗabi'arta: ya adana kwafin asali kafin ya taɓa komai, ya ɗora faci ɗaya ya gwada kafin na biyu, ya rubuta suna da kwanan wata ko da a bayan littafin makaranta ne. Mai rumfar da ya riƙe wannan, ranar da gem ɗin yaro ya ƙi tashi, zai buɗe littafinsa ya mayar masa da na jiya.