Gwanin Awo a Shagon Hayar Kwat

Tela yadi yake yankawa ya bi jikin mutum. Mai awo a shagon hayar kwat ɗin biki a Amurka kuwa an hana shi almakashi. Kayan an riga an ɗinka su, wani ya sa su makon jiya, wani na jiransu mako mai zuwa, amma ana so ango da abokansa su fito ranar Asabar kamar kowa don shi aka yanka.

Kwat ɗin ita ce taksido: baƙa, kwalarta na sheƙi, wandonta da ziri mai sheƙi a gefe. Telolin Henry Poole na Landan ne suka ɗinka wa Yariman Wales irinta a 1865. Tufa ce ta dare ɗaya, mutum kan yi shekaru bai sake nemanta ba, shi ya sa haya ta fi saye sauƙi. Shagon Moss Bros na Landan ya fara ba da hayar kayan biki a 1897. A Amurka, Men's Wearhouse da George Zimmer ya kafa a Houston a 1973 na cikin manyan masu wannan sana'a.

Awon farko a ƙirji ne, tef ya bi ta ƙarƙashin hamata. Na biyu shi ke raba gwani da ɗan koyo: a zagaye kafaɗu har da damatsa, a cire inci 7 daga abin da ya fito. In sauran ya haura awon ƙirji, mutumin mai faɗin kafaɗa ne, sai a ƙara masa lamba. Dalili kuwa, hannun kwat ana iya rage shi ko a sake shi, ƙafar wando a kalmashe ta da ɗinkin da za a warware daga baya, amma kafaɗa in ta matse ta matse ke nan. Tsawon mutum kuma shi zai nuna ko gajeriyar kwat za a ba shi, ko matsakaiciya, ko doguwa.

A ƙugu ake yin ta. Kusan kowane namiji lambar wandonsa na yau da kullum zai faɗa, wanda yake ɗaurawa ƙasan teɓa, alhali wandon taksido kusa da cibiya yake zama, kuma ba a sa masa bel. Ga shi da tef ya taɓa ciki sai a zuƙe tumbi. Gwani ba ya musu da kowa. Hira zai ja mutum da ita, ya tambaye shi yadda suka haɗu da ango, da ya saki numfashi an karanta lamba. Masu ɗinka wandon ma sun san halin maza, sai suka sa ƴan maɗaurai a gefe da ke ƙara ko rage kimanin inci 3.

Abin da ya fi burge ni shi ne awon wanda ba a gani ba. Wanda ya taɓa raba ankon abokan ango ya san wahalar tara mutum shida a kan abu ɗaya, amma a anko kowa telansa yake kai wa. A haya kuwa ɗaya na Shikago, ɗaya na Atlanta, kowa ya shiga reshen shagon mafi kusa a auna shi, lambobin su taru a ƙarƙashin sunan bikin. Mai shagon ya duba takarda, ya ga dogon mutum da gajeren hannu, ko nauyin da bai dace da ƙugu ba, ya ɗaga waya ya ce a sake awo.

Kayan sukan iso kwana 2 kafin biki, kuma dole kowa ya gwada a shagon. Ana duba hannun farar riga, ya leƙo kamar rabin inci daga na kwat. Ana duba kwala, kada ta ɗage daga wuya. Abin da bai zauna ba a aiko da madadinsa washegari. Kashegarin biki a mayar da komai, har da takalmi da maɓallan hannu, wanda ya makara ya biya tara. A Afrilu da Mayu, lokacin da ɗaliban sakandare ke hayar irin kayan nan don liyafar ƙarshen shekara, ga kuma bukukuwan aure sun fara yawa, mai awo kan wuni tef bai sauka daga wuyansa ba.