Hannu da yawa, suna ɗaya

Akwai wani irin zane da ba a yi da alƙalami. Mai shi yakan tara guntayen takarda ko tsumma ko gwangwani, ya yanka, ya liƙa ko ya ɗaure wannan kusa da wancan, har siffa ta fito. Mu kira shi aikin liƙe-liƙe. A Faransa, Picasso da Braque sun fara liƙa takarda cikin zanensu tun 1912. Amma wanda ya kai abin nesa a zamaninmu ɗan Afirka ne, El Anatsui, mutumin Gana, an haife shi a 1944. Ya koyar a jami'ar Nsukka ta Najeriya daga 1975 har 2011.

Kayan aikinsa abin da mutane suka yar ne. Ya yi aiki da marfin gwangwanin madara Peak, ya yi da tsohon magogin rogo. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun marafan kwalaben giya, to daga nan ya samu hanyarsa. Ana buɗe marfi a daddale shi, a huda, a ɗaure shi da ɗan uwansa da zaren jan ƙarfe. Dubbai kan dubbai. In an gama sai ka ga wani ƙaton mayafi mai walƙiya, wanda zai iya rufe bangon soro. A 2007 an rataya irinsa a fuskar wani tsohon gida a Venis ta Italiya, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern na Landan.

A hoto na gan su, kuma ko a hoton sun kama ni. Daga nesa ka ce alkyabbar sarki ce. Ka matso, sai ka ga shara ce, har sunan giyar yana nan bai goge ba. Na san wani zai yamutsa fuska da jin giya. Sai dai ita ce maganar: giya na cikin hajar da jiragen Turawa suka kawo bakin teku suka saya bayi da ita. Mutumin bai yi wa kowa huɗuba ba, ya bar marfi ya faɗi da kansa. Nan gwanintarsa take.

To, ga inda nake da magana. Wannan mayafi ba hannu ɗaya ke yin sa ba. Samari da yawa ke zaune a ɗakin aikinsa suna huda suna ɗauri, kowa ya gama ɗan yankinsa. Shi kuma ya shimfiɗa yankunan a ƙasa, ya juya, ya sake, sai abin ya yi masa. Bai taɓa ɓoye haka ba. Amma in aikin ya shiga gidan tarihi, ɗan allon da ake mannawa gefensa galibi suna ɗaya yake ɗauke da shi.

Wani abokina ya ce mini ai mu ma haka muke. Babbar riga mai aska takwas, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, maɗinki ya haɗa, malami ya zana, mai allura ya bi zanen wata da watanni, mabugi ya buga, kuma ba wanda ya san ko ɗaya daga cikinsu. Gaskiya ne. Amma riga ba ta zo da takarda ba, kowa an manta da shi daidai wa daida. Gidan tarihi kuwa wurin rubutu ne. Ran da aka rubuta ɗaya aka bar ashirin, an yanke hukunci ke nan, kuma jikoki abin da ke rubuce za su tarar.

Ku dubi iccen Tenere, wanda ayarin gishiri ke wucewa ta gabansa tsakanin Agadas da Bilma. A 1973 wata babbar mota ta kada shi, aka kai gawarsa gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka kafa a 1959, yau yake amsa sunan Bubu Hama. A gurbinsa aka tada icce na ƙarfe, da tsoffin bututu da ganguna da tarkacen mota. Wannan ma aikin harhaɗawa ne, na ƙasarmu. Kowa na ba da labarin direban da ya yi ɓarna. Wanda ya ƙera na ƙarfen, da wuya ka ji an ambace shi.

Mai kyauta shi ba a manta shi. A Legas, Yarima Yemisi Shyllon ya ba jami'ar Pan-Atlantic ayyukan fasaha 1,000, aka buɗe gidan a 2019 da sunansa. Ban ga laifinsa ba, don ya haɗa da kuɗin gini da na kula da kayan. Wanda ya ba gidan tarihi zane bai ba da abin tsare shi ba, ya kai wa gara da ƙura abinci ne.

Abin da ya sa maganar ta dame ni, a ajina ta faru. Bana ɗalibaina na yaƙi da jahilci a nan Gure suka haɗu suka yi allo ɗaya babba. Kwalin shayi da na sukari, ƙyallayen tela, kabar goruba, muka liƙa da ƙaro, wanda ba mu rasa shi a ƙasar nan. Sun yi kwari da dabinonsa da masu ɗibar kanwa, ga tudun rairayi ya taso yana cin gona. Ba duka ya yi kyau ba. Raƙumin ya fi kama da tunkiya, sama kuma ta yi cunkoso, don kowa na son guntunsa ya fito. Amma tudun, wanda wata dattijuwa ta yi da yagaggen buhun siminti, in ka dube shi sai ka ji rairayi a haƙoranka.

Muka shirya mu kai shi kyauta gidan tarihi na Damagaram. Aka ce a sa sunana tunda ni ne malam. Na kusa yarda, ba zan ɓoye muku ba. Sai wani dattijo ya ce shi shekara hamsin yana dangwala yatsa a takardar mutane, yau da ya iya rubuta sunansa ba wanda zai wakilce shi. Aka ƙara ƙyalle fari a ƙasan allon, kowa ya sa nasa da hannunsa. Mu ashirin da uku ne. Saura mutum guda, har yanzu yana rikita b da d, ya kuwa hana kowa ya rubuta masa, don haka tafiyar ta koma sai bayan girbi.