Karin Sautin da Alƙalami ke Ɓoyewa a Lituwaniya

A jaridun Vilnius, babban birnin Lituwaniya, rubutu ɗaya ake yi wa kalmar aukštas, ko "mai tsayi" ake nufi ko "hawan bene". Baki ne ke raba gardama. In murya ta yi nauyi a farkon gaɓa, áukštas, tsayi ke nan. In nauyin ya koma ƙarshenta, aũkštas, an hau bene. Haka láuk, "jira", da laũk, "fita waje". Bahaushen da ke bambanta kukan yaro da itacen kuka ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma bokonsa ba ya nuna masa kari. Sai dai kamannin bai wuce nan ba. A Hausa kowace gaɓa da karinta. A harshen Lituwaniya kuwa gaɓa ɗaya tak ake dannawa a kalma, kuma ba a samun zaɓi tsakanin kari biyun sai in gaɓar doguwa ce, wato mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wasalin da l, m, n ko r ke bi.

Fridrichas Kuršaitis ne ya zauna ya fayyace wannan tsari a 1849, ya ƙara faɗaɗa shi a nahawunsa na 1876. Daga nan masanan Turai suka yi ca a kan harshen, don suna neman sawun tsohuwar uwar da ta haifi Girkanci da Sanskrit da harsunan Slab. Ferdinand de Saussure da kansa ya taka zuwa ƙasar a 1880.

Abin da ya wallafa a 1896 shi ne ya fi burge ni. Me ya sa "hannu" yake rankà idan shi ne mai aikatawa, amma rañką idan a kansa aiki ya faɗa? Saussure ya nuna cewa a can da, gaɓar da ke da kari irin na áukštas takan fizgo dannin daga gaɓar da ke gabanta, muddin waccan gajera ce ko mai ɗaya karin. Wasalin ƙarshe na rankà dogo ne a da, shi ya yi fizgar. Daga baya ya gajarce, kamar yadda August Leskien ya bayyana tun 1881. Ɓarawon ya gudu, sawunsa kaɗai ya rage. Shi ya sa yaran makaranta ke haddace rukuni huɗu na sunaye, kowanne da yadda danninsa ke yawo, ba tare da sun ga dalili a fili ba.

To yau fa? Daidaitaccen harshe, wanda Jonas Jablonskis ya ɗora kan karin harshen yankin Suvalkija, yana nan kan bakansa na kari biyu, kuma Hukumar Harshe ta Ƙasa na tsare ƙa'idar. A Žemaitija, can arewa maso yamma, bambancin ya fi fitowa ɓaro-ɓaro, don sukan karya gaɓar da ɗan tsaikon maƙogwaro mai kama da alhamza. Amma a birane, samari da yawa ba sa raba kóšė, "ya tace", da kõšė, "fate". Inda abin ya tsira shi ne tagwan wasali, saboda a nan kunne na jin wane wasali aka ja, na farko ko na biyu.

A ganina nan ne littattafan koyarwa ke ruɗa baƙo. Suna zana masa murya mai sauka da mai hawa, ya yi ta rera kalma kamar mai koyon waƙa, alhali tsawon wasali da buɗewar baki ne ke ɗauke da yawancin aikin. Wanda ya ja a a cikin láuk ya riga ya faɗi "jira", ko muryarsa ta sauka ko ba ta sauka ba.