Marinan Dare: Hoton Nebula da Rigimar Launi

Duk wanda ya saba ganin hotunan nebula a waya, ranar da ya fara kafa ido a madubin hangen nesa sai gwiwarsa ta ɗan yi sanyi. Ko nebular Orion, wadda take cikin waɗanda suka fi haske, ba ta wuce wani hayaƙi toka-toka ba, kamar an hura wuta da ɗanyen itace an tashi an bar ta. Babu ja, babu ruwan zinare, babu shuɗin nan mai ɗaukar ido. Daga nan sai zargi ya shigo: ashe rini ake yi mana? Rini kam ana yi. Abin dubawa shi ne wane irin rini, kuma a wane mataki ne marini yake wuce gona da iri.

Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura da ke shimfiɗe tsakanin taurari. A wasu ake haihuwar taurari, wasu kuma ragowar tauraron da ya mutu ne. Zafafan taurarin da ke kusa suna dukan gas ɗin da haske mai tsanani, shi kuma sai ya mayar da nasa hasken, amma ba barkatai ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: haidurojin yana haskawa a zangon nanomita 656, ja ke nan, oksijin da ya rasa lantarkinsa biyu yana haskawa wajen 501, tsakanin kore da shuɗi, farar wuta kuwa wajen 672, ja mai duhu. Masu harkar suna kiran su Ha, OIII da SII, kuma kusan duk hirarsu a kan waɗannan uku take yawo. Idon ɗan Adam kuwa, idan haske ya yi rauni, ba ya rarrabe launi, ja ma shi ne farkon ɓace masa. Tokar da ido ke gani a madubi gazawar ido ce.

Tun asali wannan fage na masu sha'awa ne, ba na ma'aikatan gwamnati ba. William Huggins a gidansa da ke kudancin Landan ya tsaga hasken wata nebula a 1864, ya ga layuka masu haske maimakon bakan gizo cikakke, wanda ya nuna gas ce ba tarin taurari ba. Koren layin da ya gani ya rikita masana har aka raɗa wa wani sinadarin da babu shi suna nebulium, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ne kawai a yanayin da gas ya yi sirara ƙwarai. Henry Draper, wanda ya fara ɗaukar hoton nebular Orion a 1880, likita ne. Andrew Common, wanda hotonsa na 1883 ya fito da taurarin da ido ba ya gani a madubi, injiniya ne da ke aiki a bayan gidansa.

Abin da ya buɗe ƙofa ga jama'a a zamaninmu shi ne filta mai ƙunci, wato wani gilashi da ke aiki kamar rariya mai ƙananan ido. Hasken da muke gani ya kama daga kusan nanomita 400 zuwa 700, filtar kuwa ba ta barin komai ya wuce sai tsagi na nanomita 3 zuwa 7 daidai inda sinadarin yake haskawa. Fitilun titi, hasken unguwa, har da yawancin hasken farin wata, duk a waje suke tsayawa. Shi ya sa mutumin da ke tsakiyar birni, wanda da ƙyar yake ƙirga taurari ashirin daga tsakar gidansa, yake iya fito da nebular da a da sai an yi tafiya daji. Filtar oksijin dai ta fi jin jiki idan wata ya cika, don haka ake ajiye mata dararen duhu.

Kuɗin wannan rariya lokaci ne. Ana ɗora kyamara marar launi a kan ƙafa mai inji da ke bin juyawar sama, a buɗe ta minti biyar ko goma, a sake, a sake, dare bayan dare, filta bayan filta. Sannan a jera ɗaruruwan hotunan a kan juna da manhaja irin su PixInsight ko Siril, bayan an cire zafin kyamara da tabon ƙura ta hanyar wasu hotunan gwaji. Lissafin ba shi da tausayi: kafin tsabtar hoto ta ninka biyu, sai lokacin ɗauka ya ninka huɗu. Awa ashirin a kan nebula ɗaya ba abin mamaki ba ne a wurin masu harkar.

Bayan duk wannan wahala, abin da ke hannun mai hoto hotuna uku ne baƙi da fari. A nan rinin yake farawa, kuma ba shi da makawa. Idan aka ba kowane sinadari launinsa na gaskiya, haidurojin da farar wuta duk ja ne, tazararsu ba ta wuce nanomita 16 ba, sai su narke cikin juna a yi asarar rabin abin da aka kwana ana tarawa. Mafitar da ta yi suna ta fito ne daga madubin Hubble. A 1995 Jeff Hester da Paul Scowen na jami'ar jihar Arizona a Amurka suka haɗa hoton nan na ginshiƙan gas da ke cikin nebular Gaggafa, suka ba farar wuta ja, haidurojin kore, oksijin shuɗi. Ba son rai ba ne: sun bi jerin zango ne, mafi tsawo ya ɗauki ja, mafi gajarta ya ɗauki shuɗi. Wannan tsari, da ake kira SHO, ya zama abin koyi ga masu sha'awa a duk duniya.

Har nan ban ga laifi ba. Taswirar da ta shafa wa tuddai ruwan ƙasa, ta shafa wa kwari kore, ba ta yi wa kowa ƙarya ba muddin mai kallo ya san ma'anar launin. Hoton SHO na gaske yana gaya maka inda gas ya fi zafi kusa da taurari, da inda ya yi kauri a bakin gajimare, abin da ido ba zai taɓa gaya maka ba ko da ka je wurin da ƙafarka.

Matsalar tana farawa ne a mataki na gaba. Haidurojin ya fi sauran biyun ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka haɗin farko yakan fito kore shar, kamar gonar shinkafa. Mutane ba sa son koren sama. Sai a ɗaga farar wuta da oksijin har su kamo shi, sannan a danna wani umarni da ke share kore, a karkata ragowar zuwa ruwan zinare. Taurari kuma, saboda wannan ɗagawa, sai su koma shunayya, don haka a cire su gaba ɗaya da manhaja irin StarNet, a gyara gajimaren shi kaɗai, a dawo da su daga baya an rage musu girma. Sakamakon yana da kyau, ban musa ba. Amma an yi abu biyu a ɓoye. An daidaita ƙarfin sinadarai uku da ba daidai suke ba, kuma an goge launin da aka ce shi ne alamar haidurojin, wato sinadarin da ya fi yawa a wurin. Wanda ya koma ya dubi hoton 1995 zai tarar da korensa yana nan, ba a ji kunyarsa ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, kamanni ne. A duba hotuna hamsin na nebula daban-daban daga ƙasashe daban-daban, sai a ga zinare a gefe, shuɗi a tsakiya, tamkar an tsoma su a karofi ɗaya. Nebular Zuciya, ta Fure, ta Arewacin Amurka, duk sun yi anko. Kayan aiki ɗaya, darussan bidiyo ɗaya, yabo kuma yana zuwa ga wanda ya fi kama da abin da aka saba. Tsarin da aka ƙirƙiro don a rarrabe ya koma mai haɗe komai. Waɗanda suke barin ɗan kore, ko suke haɗa haidurojin da oksijin kaɗai don su kusanci launin asali, sau da yawa hotonsu ya fi faɗin wani abu game da nebular kanta.

Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin BlurXTerminator, sun ƙara wa muhawarar zafi, domin an horar da su ne a kan yadda sama ta kamata ta kasance, suna kaifafa hoto da goge dishi-dishi. A hannun mai kamewa suna fito da abin da ke nan. A hannun mai gaggawa, awa biyu sai ta yi kama da awa ashirin, kuma mai kallo ba shi da hanyar sanin wane zare ne na gas, wane ne na manhaja. Shi ya sa nake girmama al'adar rubuta komai a ƙarƙashin hoto: filta, awanni, tsarin launi, da manhajar da ta taɓa shi.

Rariyar ma tana da makantarta. Shuɗin hazon da ke lulluɓe da Kaza da 'Ya'yanta ƙura ce mai mayar da hasken taurari, ba gas mai haskawa da kansa ba, don haka filta mai ƙunci kusan ba ta ganin sa.

Amma inda take gani, tana gani sosai. Andromeda tana cikin tarin taurarin da aka fi ɗauka hoto, fiye da ƙarni guda ana yi. Duk da haka a 2022 Yann Sainty, wani mai sha'awa a Faransa, ya juya mata ƙaramin madubi da faɗinsa bai kai santimita 11 ba, da filtar oksijin da wasu filtoci, ya tara fiye da awa ɗari. Da shi da Marcel Drechsler da Xavier Strottner suka gyara hoton, sai ga wani ƙaton baka na oksijin a gefenta wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Manyan madubai tsukakken fili suke kallo, kuma da wuya a ba su awa ɗari a wuri ɗaya. An sanar da shi a Janairun 2023, masana suka tabbatar, hoton kuma ya ci gasar hotunan sama ta gidan kallon taurari na Greenwich a shekarar. A cikinsa bakan yana kwance shuɗi-shuɗi kusa da Andromeda, launin da aka zaɓa masa a kwamfuta.